Dan Allah a bar mana gefen dutsen da yake gumi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ya aiki ya kuma sanyi, duk da dai sanyin ku bai kama ƙafar namu na Jos ba. Na daɗe ina karanta jaridarku amma ban taɓa rubuto wasiƙa ba sai yau, kuma nasan wasu da zarar sun ga maganar fure ce zasu ce wannan bawan Allah ƙoshi ne yake damun shi, ana fama da tsadar masara da kuɗin mota shi kuma yana ta ciyawa. To naji na yarda, amma dai a bani ɗan fili in faɗi tawa akan wata fure da take jikin wani dutse da ake fasawa a nan Jos.

Ni sana'ata sayar da fulawa da dashen itatuwa, ina da ɗan lambu a bakin titi sama da shekara ashirin kenan. A Jos aka haife ni, mahaifina leburan kuza ne, Allah ya jiƙan shi, don haka ni ba baƙon haƙa da fasa bane, da kuɗin ramin kuza aka saya mun allo da littafin firamare.

A bayan unguwar da na tashi akwai wani dutse, ba wani babba bane irin su tsaunin Shere, in ka tsaya a gindin shi bai fi tsawon bene hawa uku ba. Gefen shi na kudu a bushe yake ƙayau, nan mata suke shanya wanki da barkono, ƙadangaru na ta gyaɗa kai. Amma in ka zagaya ta arewa sai kace wani gari ka shiga. Wajen a miƙe yake kamar bango, yayi baƙi saboda gansakuka, kuma a jiƙe yake, ruwa yana tsattsafowa ta wata tsaga can sama yana bin jikin dutsen a hankali, baka jin motsin shi sai in ka ɗora tafin hannu kaji sanyi har cikin ƙashi. Kakata cewa take dutsen nan gumi yake yi. Da na girma ne na gane dalili, lokacin hunturu rana ta kudu take karkata, shi yasa gefen arewa yake wuni a inuwa, damshin shi yakan kai har bayan Kirsimeti alhali ko'ina ya riga ya zama ƙura.

To a jikin wannan bangon ne furen da nake magana take fitowa. Mu yaran unguwa 'yar manne muke ce mata saboda yadda take liƙe da dutse. Ganyen ta ƙanana ne masu kauri da ɗan gashi-gashi kamar kunnen ɗan akuya, a kwance suke sun zagaye juna, sai wani siririn kara da bai fi tsinken tsintsiya ba ya fito daga tsakiya ya ɗauko fure huɗu ko biyar masu launin shunayya, cikin su fari. Babu ƙasa a wajen fa, in banda 'yar baƙar laka da bata wuce faɗin farce ba da ta maƙale a tsaga. A watan Agusta in ana wannan yayyafin namu da yake kwana uku bai ɗauke ba, bangon gaba ɗaya sai ya zama kamar an shanya atamfa. Kakata takan tura ni ɗebo ruwa a ɗan gurbin da ke gindin dutsen, kuma kullum gargaɗin ta ɗaya ne, kar ka tsinko mun furen nan, ka bar ta a inda Allah ya ajiye ta.

Abun da yafi bani mamaki da ita shine bata mutuwa. Ita ba irin masara bace da sai ka sake shukawa duk damina, tafi kama da albasar kwaɗi da take ɓuya da rani ta dawo da ruwan farko. In kazo a watan Fabrairu zaka rantse ta ƙone, ganyen ya naɗe ya zama kamar busasshiyar taba, amma ruwan Afrilu yana sauka sau biyu ko uku zaka ga ta fara buɗewa, a wannan tsagar dai, a wannan gurbin dai. Akwai wani curi da yake daidai kafaɗata yanzu, wanda da sai na taka dutse nake iya leƙa shi lokacin ina ɗan aji uku, kaga kenan ya ga auren fari na ya ga yaye 'ya'yana.

Masu ilimin tsirrai sun yi nazari sosai akan irin wannan rayuwar ta kan dutse. Akwai wata ciyawa da take shimfiɗuwa kamar tabarma a saman duwatsun Afirka ta Yamma har da namu na Najeriya, suna kiran ta Afrotrilepis, itama bushewa take ƙarau da rani ta farfaɗo da damina. Irin wannan tabarmar ita take tare ƙurar hunturu da ruɓaɓɓen ganye har su zama 'yar ƙasa, in anyi ruwa ta shanye kamar soso sannan ta dinga sakin shi kaɗan-kaɗan yana gangarowa. Wato gumin da kakata take faɗa daga sama yake farawa. In ka ƙone tabarmar saman, bangon ƙasa ya bushe ko baka taɓa shi ba. Kuma wannan 'yar ƙasar ba a shekara ɗaya ko goma take taruwa ba, sai gansakuka ta fara zama ta mutu, wata ta hau kanta, a haka a haka har tsiro mai fure ya samu wajen saka jijiya.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Duk gargaɗin kakata, da na fara sana'ar fulawa sai da kwaɗayi ya ja ni, nace wannan ai in ta zauna a tukunya kuɗi ne, 'yan Abuja zasu yi rububin ta. Sau uku ina ɓamɓaro ta da wuƙa. Na farko na saka ta a ƙasar lambu da taki, sati biyu ta ruɓe. Na biyu na haɗa yashi da tsakuwa da garin gawayi na ajiye a inuwar mangwaro, ta ɗan yi wata biyu sannan ta bushe bushewar da babu dawowa. Na uku har ɓallin dutsen na haɗo da shi, na rataye gorar roba da na huda a saman ta yana ɗiga, yara suna mun dariya wai Baba ya saka wa dutse ƙarin ruwa kamar a asibiti, itama haka ta tafi. Daga nan na haƙura na nemi gafarar Allah. Kuma wajen da na ɓamɓaro su ɗin har yau fari fat yake, babu abun da ya sake fitowa, shekara kusan ashirin.

Abun da yasa na kawo wannan, akwai wata 'yar uwar ta a ɗabi'a da nake sayarwa a lambu na, masu fulawa suna ce mata bayolet ɗin Afirka. Duk wanda yake shiga gidajen masu son fulawa ya taɓa ganin ta a bakin taga, gajeriya mai ganye kamar karan-miski da fure shuɗi ko shunayya ko ruwan hoda. Ita kam bata da wuyar sha'ani, ka karyo ganye ɗaya da ɗan karan shi ka soka a yashi mai damshi, bayan 'yan makonni zaka ga 'ya'ya sun ɓullo a gindi. Abu biyu ne kawai bata so, rana mai zafi da zuba mata ruwan sanyi a kan ganye, sai ya yi tabo. Ina gaya wa kwastomomi wannan har bakina ya gaji, amma sai mutum ya kai ta Abuja ya dasa ta a tsakar gida ƙarƙashin ranar Maris, bayan sati ya kira ni wai na sayar mishi da mara lafiya.

To ita wannan bayolet ɗin asalin ta 'yar kan dutse ce. A duwatsun Usambara take, arewa maso gabashin Tanzaniya ta wajen Tanga, a jikin duwatsu masu damshi cikin inuwar kurmi, da wasu dangin ta a kudu maso gabashin Kenya. A 1892 wani jami'in mulkin mallaka Bajamushe, Walter von Saint Paul-Illaire, ya gan ta ya aika wa mahaifin shi irin ta a Jamus, a 1893 wani masanin tsirrai Hermann Wendland ya rubuta ta a littafi ya raɗa mata suna Saintpaulia, wato sunan gidan su wancan jami'in. Ka ji fa, furen mutanen Tanzaniya amma sunan Bature take amsawa har a 2015 da masana suka mayar da ita cikin dangin Streptocarpus. Yau akwai launuka da nau'o'in ta dubbai a Turai da Amurka da Japan, ana gasar ta ana cinikin ta. Amma a gidan ubanta fa? An sare kurmin don noma da katako, inuwa ta tafi, dutse ya bushe, har wasu daga cikin nau'o'in ta na daji suna cikin jerin halittun da ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN tace suna fuskantar barazanar ƙarewa. Ita dai ta ci sa'a ta yarda da tukunya shi yasa duniya ta san ta. Tamu ta ƙi tukunya, ni shaida ne, in dutsen ta ya tafi shikenan.

Kuma dutsen yana tafiya, shine dalilin wannan wasiƙar.

Da farko abun kaɗan-kaɗan ne, samari su tara tsofaffin tayoyi da itace a kan dutse su cinna wuta ya kwana yana ci, da safe dutsen ya tsattsage su sa guduma da ƙarfe su ɓamɓare, mata kuma su zauna a ƙasa suna mayar da shi tsakuwa. Wannan mun saba gani tun muna yara kuma ta gefen kudu ake yi. Amma 'yan shekarun nan da gine-gine suka yi yawa, kowa yana son decking ɗin shi da kankare, sai aka koma nakiya da injin huda dutse, tifa tana shiga tifa tana fita. Gefen kudun ya ƙare tas, sai suka zagayo.

Ranar Asabar da ta wuce naje wajen bayan na daɗe ban leƙa ba. Wallahi Edita sai da na nemi waje na zauna. Rabin bangon babu shi, inda yake baƙi mai sanyi yanzu fari ne tas yana ƙyalli kamar an fasa ƙanƙara, toka da wayar taya sun cika saman, gurbin da nake ɗebo wa kakata ruwa ya cike da garin dutse da ledar fiya wata. Sauran rabin kuma ƙura ta lulluɓe ganyen har baka gane korensu. Na sami wani saurayi yana loda tsakuwa a kwano nace sannu da aiki ɗana, ya amsa da ladabi, nace nan gefen ma fasawa zaku yi? Yace eh Baba, ai nan yafi kyau ma don dutsen a miƙe yake. Na nuna mishi furen nace ka san wannan ta girme ka? Ya kalla ya yi dariya yace Baba wannan ciyawar? ai ko akuya bata ci. Ban ji haushin shi ba ko kaɗan, yaro ne yana neman na abinci, kuma babu wanda ya taɓa nuna mishi.

Wadda ta fahimce ni wata dattijuwa ce da take zaune gefe da 'yar gudumar ta, yatsun ta duk a naɗe da tsumma. Tace Malam ni ba furen ne ya dame ni ba, ruwan ne, da a nan muke wanke fuska mu sha in rana ta yi, bana tun kafin ruwan sama ya ɗauke wajen ya ƙafe, yanzu sai mun sayi na leda. Kaga ita ta riga ni gano bakin zaren.

Don maganar furen nan maganar ruwa ce. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, tsaunin Shere ya haura mita 1,800, kuma muna samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, amma kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba yake sauka, sauran watannin abun da dutse da ƙasa suka riƙe shi muke ci. Daga wannan tudun namu kogin Kaduna ya taso, haka Gongola, haka Mada, ga Dilimi da ya ratsa cikin gari ya nufi arewa ruwan shi ya bi ta Jama'are har yankin tafkin Chadi. Bance ɗan gumin dutsen unguwar mu shine yake cika kogin Kaduna ba, kar a ce na yi ƙarya, amma da irin su ɗari da dubu ne rafi yake kai wa watan Janairu da ruwa. Mu da muke bin layin bohol da jarkoki da asuba bai kamata sai an yi mana dogon bayani ba.

Ni bana cikin masu cewa a hana fasa dutse. Gidan da nake ciki da tsakuwar dutsen Jos aka zuba harsashin shi, ni na biya kuɗin tifar da hannu na. Matan nan da guduma suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan su, wanda duk yace su tashi sai ya faɗa musu inda zasu je. Sannan dutse a Filato ai ba abun da za a yi rowa bane, ko ta ina ka juya shine. Shi yasa abun yake bani takaici, duwatsu busassu ga su nan birjik babu mai kallon su, amma sai an bi ɗan bangon da yake jiƙe wanda a dutse goma da ƙyar ka samu ɗaya. Mun riga mun ga yadda haƙar kuza ta bar mu tun daga farkon shekarun 1900, kududdufai ko ta ina daga Bukuru har Barikin Ladi, kuzar ta tafi Ingila ramukan suka zauna da mu. Rami ma ana iya cike shi in an so. Dutsen da aka niƙa ya zama decking fa?

Doka kam akwai ta a takarda. Tun 1992 Najeriya take da dokar da tace kafin babban aiki sai an duba illar shi ga muhalli, ga kuma dokar ma'adinai ta 2007 da ta shafi har masu fasa dutse. Amma ni a fahimta ta abun da zai ceci ɗan bango irin wannan yafi kusa da mai unguwa da mai fili da shugaban masu fasa dutsen, su zauna su ce daga nan zuwa nan ba a taɓawa, ba a ƙona taya a saman shi, a shafa jan fenti kowa ya gani. A ƙauyukan da ke kewaye da mu mutane sun san darajar shingen ƙerana, babu mai zuwa ya sare na wani, to haka ake so a mayar da wannan.

Sai kuma 'yan boko. A nan Laminga kusa da Jos akwai dajin Amurum inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take aiki tare da Jami'ar Jos, kuma wani ɗan jan tsuntsu da yake rayuwa a duwatsun nan namu sai a 1998 masana suka tabbatar cewa jinsi ne na daban suka bashi suna. Tsuntsu fa, mai tashi yana kuka kowa yana ganin shi. To ina ga ɗan tsiron da yake maƙale a tsaga yana fure wata biyu a shekara? Muna da sashen ilimin tsirrai a jami'a, muna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a cikin garin nan, ɗalibai duk shekara suna neman abun da zasu rubuta furojet a kai. Ina roƙon malaman su da su turo su duwatsun bayan gari da damina, su ɗauki hoto su rubuta, su tambayi tsofaffin Birom da Afizere da Anaguta da namu Hausawa me suke kiran kowanne tsiro da yaren su kuma me ake yi da shi, tun masu sanin suna raye. Kar mu zauna sai wani ya zo daga wata ƙasa ya raɗa mata sunan baban shi.

Kafin in baro wajen ranar Asabar ɗin na tsaya na ƙirga abun da ya rage, curi goma sha ɗaya, har da wancan na daidai kafaɗata. Na ɗebo ruwa a jarkar mota na wanke musu ƙurar da hannu, saurayin nan yana kallo na, can sai gashi ya kawo nashi kwanon ya taya ni. Na samu ogan su mun yi magana ta mutunci, bai yi mun alkawarin komai ba amma yace akwai odar da zasu gama ta wani gefen tukuna, ba zasu waiwayo nan ba sai bayan sabuwar shekara. Na sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti, kuma gobe in Allah ya kai mu bayan la'asar zan je gaida mai unguwa da hotunan a waya ta. Duk ɗalibi ko malamin da yake son gani da idon shi ya bar saƙo a ofishin ku, ni zan kai shi da kaina, sai dai ya sako takalmi mai kama ƙasa don wajen da santsi.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Wassalam,
Naku mai sayar da fulawa,
daga Jos.